Ƙanena yana tsare, ga ƙwaya ga taɓin hankali: wanne za a fara yi wa magani?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 27 yana tsare a gidan gyaran hali, wata na uku ke nan, yana jiran shari'a kan zargin satar waya. Tun yana acaɓa ya fara shan tiramol, daga baya ya haɗa da wiwi da roci. Kafin a kama shi ma ya fara surutai shi kaɗai, yana cewa ana bin sa, har ya daina cin abincin gida wai ana sa masa guba. Da na je ziyara makon jiya na tarar ya rame, ba ya wanka, yana ta waige-waige kamar ana kiransa. Kawunmu ya ce a ƙyale shi, zaman can ne zai raba shi da ƙwaya, hankalinsa zai dawo da kansa. Mahaifiyarmu ta ce sammu ne, in ya fito a kai shi gidan mari. Wani abokinsa kuma ya ce in riƙa tusa masa 'yar ƙwaya cikin abinci don ya samu barci. Ni dai na rasa ta inda zan kama. Shaye-shayen za a fara magancewa ko ciwon ƙwaƙwalwar? Kuma wanda ke tsare ma ana yi masa irin wannan magani?

Yayarsa, daga Tudun Jukun, Zariya

Amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri da ba ki juya masa baya ba. Tare ake yi musu magani, a lokaci guda, kuma so samu a hannun likita ɗaya da ya san labarin duka biyun. A da, a asibitoci da yawa na duniya, masu kula da 'yan shaye-shaye kan ce je ka hankalinka ya daidaita tukuna, likitocin ƙwaƙwalwa su ce je ka daina sha tukuna, mara lafiya ya tashi ba tsuntsu ba tarko. An bar wannan hanya ne da aka ga kowane ciwo yana rura wutar ɗayan. Wanda yake jin muryoyi cikin dare ba ya iya barci, sai ya nemi roci. Wiwi ƙara masa zargin mutane take yi. In ya wayi gari jiki a mace sai ya nemi tiramol don ya iya tashi, ita kuma ta sake hana shi barci. In an raba shi da ƙwayar an bar muryoyin, dalilin shan yana nan daram. In an ba shi maganin muryoyin yana ci gaba da sha, maganin ba zai kama ba.

Maganar Kawu da gaskiya a cikinta, sai dai ba ta kai ƙarshe ba. Akwai taɓin hankalin da ƙwaya ce kawai ta kawo shi, kuma yakan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni bayan an daina sha. Ma'aunin likitoci kamar wata guda ne: in mutum ya yi wata ɗaya cur bai sha komai ba amma alamun suna nan, sai a ɗauka akwai wani ciwon daban. Ƙanenki ya yi wata uku. Ko dai har yanzu kayan suna isa gare shi a ciki, abin da ke faruwa a kurkukun ƙasashe da yawa, ko kuma ciwon ƙwaƙwalwar ya kafu. Kowanne ne, jira ba zai yi maganinsa ba, kuma gwargwadon daɗewar irin wannan ciwo babu magani, gwargwadon wahalar dawowar mutum yadda yake. Sannan wanda katanga ta hana shi sha bai warke ba. Ranar da aka buɗe masa ƙofa, ƙawar tana nan.

Shawarar abokin nan kuwa ki yi watsi da ita yau. Shigar da ƙwaya gidan gyaran hali laifi ne da zai iya sa ke ma a tsare ki. Ban da haka, tiramol ɗin da NAFDAC ta amince da ita mai miligiram 50 da 100 ce, likita kuma ba ya wuce 400 a yini. Ta bayan fage har mai 200 da 225 ake sayarwa, ƙwaya biyu kacal sun kai ko sun haye iyakar yini guda. Tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, in kuma ta haɗu da roci ko daizafam, numfashi yana iya tsayawa cikin barci.

Tambayarki ta biyu: ƙwarai ana yi, kuma haƙƙinsa ne. Dokar 2019 da ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali ta ɗora mata alhakin lafiyar wanda ke hannunta, ta kuma ba da damar a fitar da mara lafiya zuwa asibitin waje in jami'in lafiya ya ga buƙata. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta fara aiki a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa masu wannan lalura haƙƙin magani da mutunci. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Mandela, sun ce fursuna ya samu kulawa daidai da ta mutumin waje. A aikace kuwa ma'aikatan lafiya kaɗan ne, mutane da yawa, likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ma 'yan ɗaruruwa ne. Wanda danginsa suka rubuta, suka bi sawu, shi ake fara gani.

Ki fara da takarda, shafi ɗaya ko biyu. Mai zargin kowa ba zai ba likita labari ba, gandiroba kuma bai san shi kafin ya shigo ba. Ku kaɗai kuka san abin da ya gabata. Ki zauna da mahaifiyarku da wani amintacce cikin abokansa ku rubuta shekarar da ya fara kowane abu, nawa yake sha a rana, mai lamba nawa, da ranar ƙarshe da kuka san ya sha. A faɗi komai, har da kodin, sholisho, egzol, giya ko allura. Sai tambayar da ta fi kowacce nauyi: wanne ya riga wani? Ya fara keɓe kansa da barin wanka kafin ƙwayar ta yi yawa, ko bayan? An taɓa samun wata ɗaya ko biyu da bai sha ba, yaya hankalinsa ya kasance a lokacin? Ki rubuta ko ya taɓa yin kwanaki babu barci yana ta zuba, yana rabar da kayansa, yana jin shi wani babba ne, domin wannan ciwo ne daban, maganinsa ma daban. Ko ya taɓa faɗuwa yana jijjiga, ko ya bugu a ka a hatsarin babur. Ko akwai mai irin wannan lalura a dangin uwa ko na uba; mun san ba a son faɗin wannan, amma likita ba neman aure ya zo ba. Ko ya taɓa cewa gara ya mutu, ko ya gwada. In an taɓa kai shi asibiti, a haɗa da katin.

Ki yi kwafi uku. Ɗaya ki kai wa jami'in walwala na gidan gyaran halin, tare da gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban gidan, kina roƙon ma'aikacin lafiya ya duba shi a kuma tura shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Ki nemi a sa hannu da kwanan wata a naki kwafin. Ki shiga da ladabi, don ma'aikatan nan su ne ke tare da shi dare da rana. Na biyu na lauya ne. Da yake yana jiran shari'a, kotu ce ke da iko a kansa, kuma in akwai dalilin zaton wanda ake tuhuma ba ya cikin hankalin da zai kare kansa, alƙali yana da ikon sa likita ya duba shi, a dakatar da shari'ar har a samu rahoto. Lauya zai iya neman wannan umarni, ya kuma nemi beli bisa dalilin lafiya. In babu kuɗin lauya, hukumar agajin shari'a ta tarayya tana da ofishi a Kaduna, kyauta take yi wa marasa hali. Abu ɗaya ku tattauna da lauyan a fili: kafa hujja da taɓin hankali a shari'a ba ya nufin a sallami mutum ya tafi gida. Yana iya jawo a ci gaba da tsare shi babu ranar fita, har ya zarce wa'adin da satar waya za ta ci. Magani da beli kuke nema, lauya ya auna maganarsa a kan haka. Wuraren da za a iya kai shi su ne sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, wanda ke da sashen masu shaye-shaye. Kuɗin gwaji da na magani galibi a kanku zai faɗa, a fara tanadi.

Likitan kirki da jiki zai fara: zazzaɓi, sukari, maleriya, tarin fuka da HIV. Ramar da kika gani tana iya zama ta ƙin cin abinci, tana iya zama ta tari, don cunkoso yana yaɗa shi. In tarin fuka ne, a sani cewa rifamfisin, ɗaya daga magungunansa, yana rage ƙarfin haloferidol da risferidon a jini, sai a ga kamar maganin ƙwaƙwalwar ba ya aiki. Wajen gwajin fitsari, tsinken da aka saba da shi na dangin kodin ba ya kama tiramol, sai an sa nata na musamman, don haka a faɗa wa mai gwajin tun farko. Wiwi tana iya nunawa har kusan wata guda bayan an daina, amma in ta nuna bayan wata uku, sabuwa ce.

In ya tabbata har yanzu yana samu a ciki, sai a shirya raba shi da su a gaban ma'aikacin lafiya, don kowace ƙwaya da halinta. Ciwon barin tiramol da kodin yakan fara awa 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, ya yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya sauka cikin kwana 4 zuwa 10: ciwon gaɓoɓi, hamma, majina, gumi, amai da gudawa. Da wuya ya yi kisa sai ta hanyar ƙarewar ruwan jiki, shi ya sa ruwan gishiri da sukari ke kan gaba. Tiramol tana da ƙari, wasu kan samu firgita da gane-gane har a zaci sabon taɓin hankali ne. Roci da daizafam su ne abin tsoro. Wanda ya saba da su kullum, yanke su rana ɗaya yana iya jawo jijjiga da ruɗewa mai kisa. Rage su ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni, a hannun likita. Wiwi ba ta da wannan haɗari, sai saurin fushi, ƙin abinci da munanan mafarkai na mako ɗaya ko biyu.

Maganin muryoyi da zargi ba ya jiran a gama wancan. Waɗanda aka fi samu a kemis ɗinmu su ne haloferidol, Largactil, risferidon da olanzafin. Ana farawa da kaɗan a hau a hankali. Barci da natsuwa kan zo a kwanakin farko, muryoyin da zargin kuwa sai mako 2 zuwa 6, saboda haka kada a ce bai karɓe shi ba bayan kwana goma. Abin da ke ɓata lamarin sau da yawa illar maganin ce da ba a gane ba. Haloferidol musamman yakan sa wuya ya murɗe, harshe ya yi nauyi, ido ya kafe sama, ko jiki ya sandare da rawar hannu da dalalar miyau. Wanda bai sani ba sai ya ce iskokai ne suka tashi. Ana magance wannan, ana kuma iya rage adadi ko a canza maganin. Akwai wadda ta fi ɓoyuwa: mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ƙafafu suna ta motsi, yana kai-kawo. A ɗakin da ke cike maƙil wannan yakan jawo masa faɗa ko horo, wani lokaci ma a ƙara masa maganin da ya jawo abin. In kin ga haka a ziyara, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya. In kuwa zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki da ruɗewa, a ranar za a kai shi asibiti. Largactil yana sa jiri, ga shi ba ya shiri da rana, abin lura ne a bazarar Zariya.

Tarkon da ya shafi irin ƙanenki kai tsaye shi ne egzol. Maganin da ake bayarwa don sandarewar nan, Artane ko Exol, shi ne dai wanda matasa ke saya don caji. A ciki ana sayar da shi, ana ƙwace shi, ana ƙaryar sandarewa don a samu. Ga mai tarihin shaye-shaye ya fi kyau a zaɓi maganin da bai cika buƙatarsa ba, kamar olanzafin ko ɗan ƙaramin adadin risferidon. In ya zama dole, a ba shi na ɗan lokaci, ƙwaya-ƙwaya, ya haɗiye a gaban ma'aikaci. Haka daizafam don barci: 'yan kwanaki kawai.

Sau da yawa maganin da ya gaza a kurkuku yankewa ce ta kashe shi. Ki sayi na wata guda a kemis mai rajista da takardar likita, cikin kwalinsa, ki miƙa wa ma'aikacin asibitin gidan hannu da hannu, a rubuta adadi. Kada ki ba shi kansa ko wani ɗan ɗakinsu. Ki kawo na gaba saura mako guda ya ƙare. Ki roƙi a riƙa duba bakinsa bayan ya sha, don mai zargin guba yakan ɓoye a kunci ya tofar. In likita zai iya mayar da shan sau ɗaya da dare, ya fi sauƙi ga kowa, azumi ma ba zai taɓa shi ba. Inda haɗiyar kullum ta gagara akwai allura mai daɗewa a jiki, irin su Modecate, da ake yi duk mako 2 zuwa 4 bayan an fara da ƙaramar ta gwaji. Wannan ba ta sayuwa a ɗaki, ba ta tofuwa. Abin da take buƙata shi ne wani ya riƙe ranar ta gaba a rubuce, kuma ke ce za ki riƙe. In aka mayar da shi wani gidan, ba lallai fayil ɗinsa ya bi shi ba. Kwafi na uku da ke hannunki na irin wannan rana ne. Ko bayan ya warware, a karon farko galibi sai an yi kamar shekara guda ana sha, kuma likita ne ke saukar da shi a hankali.

Sa'ad da muryoyin suka lafa ne mutum ke gane inda yake da abin da ya rasa, ciwon damuwa kuma yakan biyo baya. Masu jiran shari'a suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗarin kashe kai. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin mutuwa ba za ta sa masa tunanin ba. In ya ce e, ki sanar a ranar, ki roƙi kada a bar shi shi kaɗai. Ɗakin kaɗaici da sarƙa ƙara ciwon suke yi, Ƙa'idojin Mandela ma sun hana sarƙa, sun hana kaɗaita mai taɓin hankali in hakan zai tsananta masa. Wajen maganin damuwa, amitiriftilin yana da arha, amma in aka tara shi aka sha lokaci guda yana iya tsayar da zuciya, don haka ba a barin sa a hannun mara lafiya. Fuluwoksetin ya fi shi aminci ta wannan fuska. Dukansu ba sa jituwa da tiramol: haɗin yana ƙara haɗarin jijjiga da wani zazzaɓi mai rawar jiki da ruɗewa. Dole mai rubuta maganin ƙwaƙwalwa ya san gaskiyar abin da ake sha.

Magani kaɗai ba ya raba mutum da ƙawar ƙwaya. Sai an haɗa da zama da mai ba da shawara, ana bin abu ɗaya-ɗaya: me ke sa shi nema, wane lokaci, tare da wa, me zai yi a madadin. Faɗa da tsawa an gwada su a gida shekara da shekaru. Abin da ya fi kamawa shi ne a bar shi da bakinsa ya faɗi abin da ƙwayar ta ba shi da abin da ta raba shi da shi. A ziyara, in ya ce an sa guba, kada ki yi musu kuma kada ki gaskata. Ki ce kin ga yana cikin tsoro, ki ci loma daga abincin a gabansa. Gajeriyar ziyara a kai a kai ta fi doguwa sau ɗaya a wata. Kada a zo masa da maganar kunyar da ya jawo wa gida. Kuɗi a hannu kaɗan, sabulu da abinci su fi yawa.

Mahaifiyarku kada ki yi jayayya da ita kan sammu, babu buƙata. Addu'a, tofi da ruƙiyya ba sa karo da magani, muddin babu duka kuma ba a ce a ajiye na asibiti ba. Gidan mari kuwa a'a. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala, makonni kaɗan bayan haka aka rufe wasu a Daura da nan Zariya. Ko inda ba a duka, babu mai iya lura da jijjigar barin roci ko illar allura. In mahaifiyarku tana zargin tarbiyyarta, ki nuna mata ba ɗanta kaɗai ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki dangin tiramol da kodin.

Ranar fita, ta beli ko ta sallama, ta fi duk abin da muka lissafa haɗari. Jikin da ya saba da ƙwaya biyar a rana, bayan watanni babu, ba lallai ya iya ɗaukar biyu ba. Shi kuwa adadin da ya sani zai nema, abokai kuma da ita za su yi masa barka da dawowa. Wani bincike a jihar Washinton ta Amurka da aka buga a 2007 ya gano cewa a mako biyun farko bayan saki, haɗarin mutuwa ta shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Kayan mayensu ba duka ne irin namu ba, amma dalilin ɗaya ne. Ki faɗa masa wannan baki da baki tun yana ciki. Beli yakan zo ba zato, daga kotu a saki mutum, saboda haka tun yanzu a tanadi takardar bayanin ciwonsa da magungunansa, maganin aƙalla mako biyu, ranar allura ta gaba, da ranar ganin likita a Shika ko Barnawa cikin makon farko. Wani namiji daga gida ya tarye shi a bakin ƙofa. In da hali, makonnin farko ya yi su a gidan wani ɗan'uwa nesa da majalisarsu. Kada a mayar masa da babur da wuri: maganin yana sa barci da nauyin jiki, kuma a wannan sana'ar ya haɗu da tiramol. NDLEA, ban da kame, tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, jihar Kaduna ma ta kafa hukuma don wannan aiki. Duk wanda zai ci gaba da zaman shawarar, ya san ƙanenki yana kan maganin ƙwaƙwalwa, kuma kada ya ce a ajiye.

Kowa a gidan ya san alamun wanda ƙwaya ta yi wa yawa: barcin da ba a iya tashinsa, munshari mai gurnani, numfashi jefi-jefi, leɓe ya yi duhu, ƙwayar ido ta tsuke. Kada a ɗura masa madara ko manja, sarƙewa zai yi, kuma kada a bar shi wai ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a ɗaga haɓarsa, a garzaya asibiti da kwalin abin da ya sha in an gani. Akwai allurar nalokson mai dawo da numfashi, amma ƙarfinta yakan ƙare cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kafin na ƙwayar, kuma ba ta hana jijjigar tiramol, don haka ko ya farfaɗo sai an ci gaba da lura da shi a asibiti. In jijjiga ce, kada a tura cokali a bakinsa. Ta wuce minti 5 ko ta maimaita, a tafi asibiti. In ya koma sha sau ɗaya, abin da ake yawan gani ne a watannin farko. Kada a tsayar da maganin ƙwaƙwalwar saboda haka. A matso da ranar ganin likita, a gaya wa likitan abin da ya sha da adadinsa.